Ranar Da Aka Ja Ayoyin Ɗufana

Saura kwana tara a ɗauki azumi Malam Ishiyaku ya tara dattawan masallacin unguwarsu a Rano, ya shaida musu bana ba shi zai yi tafsiri ba. Ba wanda ya yi mamaki. Tun bayan babbar salla ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, ya bar masa hannun hagu ba ƙarfi, harshensa kuma ya yi nauyi. Abin da mutane suka zo ji shi ne sunan wanda zai zauna a kan buzunsa.

Buzun fatar rago ne, gashin tsakiyarsa ya zube. Shekara arba'in da ɗaya ana shimfiɗa shi a gaban masallacin kowane azumi bayan la'asar. A hagunsa ake shimfiɗa dardumar mai jan baƙi, wanda ke karanto aya da ka ya tsaya, malam ya fassara ta da Hausa ya yi bayani. Shekara ashirin da biyu ke nan babban ɗan Malam, Alaramma Shitu, shi ke kan wannan darduma. Tsakaninsa da buzun bai kai taku biyu ba, bai kuma taɓa kawowa a ransa wani zai riga shi zama a kai ba.

Malam ya ambaci Hammadu.

Ya ce gwaji ne na bana. Idan an ga yadda abin ya tafi, sai ya faɗi wanda zai riƙe buzun har gaba. Dattawa suka ce Allah ya sa albarka. Shitu ma ya faɗi haka, da murya daidai da ta kowa. Sai da ya kusa gida ya lura takalmin wani ya sako.

Hammadu ɗan wani makiyayi ne da ya zauna a gefen ƙauyen Lausu ya haɗa kiwo da noma. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara zuwa zauren Malam a kan keke, Hausarsa ma ba ta gama zama ba. Shitu ne ya gyara masa Fatiha. Daga baya ya tafi Kano karatu, ya dawo da takardar shaida, yanzu yana koyar da Larabci a wata makarantar sakandare. Shekarunsa talatin da takwas, Shitu ya ba shi takwas. Haddarsa ba ta wuce izu ashirin ba. Shitu kuwa ya haddace izu sittin tun yana ɗan shekara goma sha tara, ya kuma rubuta su da ka har sau biyu. Waɗannan alƙaluma ya yi ta jerawa a ransa kwana tara, kullum sakamakon ɗaya ne, kullum kuma buzun na Hammadu ne.

Wanda bai san aikin ba yakan ɗauka mai jan baƙi ɗan rakiya ne. Shitu ya san ba haka ba ne. Shi ke saita saurin zama. Malam Ishiyaku yana da wata alama: idan ya ɗan buga carbinsa a kan katakon da ake ɗora littafi, mai ja ya tsaya a ƙarshen ayar da yake kai. Idan kuma malam ya so kafa hujja da wata aya daga wata sura, ba sai ya nema ba. Da ya faɗi ma'anarta, Shitu ya riga ya ɗauko ta. Mutanen unguwa sukan ce uban bai gama tunani ba ɗan ya karanto. Hammadu ya gaji alamar carbin. Sauran kuwa yana hannun Shitu.

Ranar farko Shitu ya ja yadda ya saba. Yana so ya ga gudun mutumin tukuna. Hammadu ba shi da muryar Malam, yana kuma yawan gyara hula, amma ba wanda ya yi gyangyaɗi, abin da ba a saba gani ba a tafsirin bazara. Rana ta biyu Hammadu ya faɗi ma'anar wata aya da ke can gaba, ya dakata yana jira a ɗauko masa. Shitu ya sunkuyar da kai yana duban yatsunsa. Hammadu ya waiwayo ya ce shi dai bai haddace ta ba, Alaramma ya taimaka wa ɗalibinsa. Mutane suka yi murmushi. Shitu ya karanta. Da aka tashi ya ji wani tsoho yana cewa yaron nan ba shi da girman kai.

Zailani, ladanin masallacin, sa'an Shitu ne, tare suka yi karatun allo. Shi ke haɗa lasifika. Rana ta uku yana naɗe waya bayan an watse ya tsaya kusa da darduma.

"Alaramma, yau waya goma sha ɗaya na ƙirga a gaban ɗan Fulanin nan, duk suna ɗaukar murya. Gabanka biyu. Ɗayar ma tawa ce, caji nake yi."

"Sha biyu ne," in ji Shitu.

Zailani ya dube shi, ya fashe da dariya har sai da ya dafa ginshiƙi. Ya ce ashe ba baƙi kaɗai ake ja a wannan darduma ba, har da ƙidaya. Shitu ya naɗe dardumarsa ya fita.

Akwai wani abu da ya fi wayoyin damun sa. A masallacin ba a sauke tafsiri a azumi ɗaya. Inda aka tsaya bara, nan ake ɗorawa bana. Bara Malam ya rufe a ƙarshen surar Yunusa, don haka bana aka buɗe da surar Hudu. Shitu ya san saurin Hammadu yanzu, ya kuma lissafa: ranar Alhamis, biyar ga azumi, za a iso ayoyin ruwan Ɗufana. A cikinsu akwai inda Annabi Nuhu, alaihis salam, ya roƙi Ubangiji game da ɗansa da ya nutse, aka amsa masa cewa wannan ba ya cikin iyalinsa, saboda aikinsa ba na ƙwarai ba ne. Shitu ne zai karanta wannan da bakinsa, a lasifika, mahaifinsa na zaune, sannan ya yi shiru ɗan makiyayi ya ɗauki minti goma yana yi wa Rano bayanin cewa jini ba ya gadar da komai. Ya riga ya ga yadda kawuna za su juyo wajensa.

Ranar Laraba da hantsi ya hau babur ya tafi Kibiya, gidan ƙanwarsa Lubabatu. Mijinta, Alhaji Ja'afaru, ɗan kasuwar hatsi ne. Damina biyu da suka wuce ruwa ya rushe ƙaramin masallacin layinsu, shi kuma ya gina sabo a kan tudu a ƙofar gidansa. Ya zaga da Shitu ciki, ya nuna masa kafet da fankoki da wata kujera mai hannu da ko ledarta ba a cire ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya nuna gangaren, ya ce duk ruwan da za a yi ba zai hawo nan ba. Abin da ya rage masa malamin tafsiri. Ya ce idan Alaramma ya amince, Asabar ma sai a buɗe, don sunan Malam Ishiyaku kaɗai ya isa ya cika wurin. Shitu ya lura da sunan da aka ambata. Ya ce zai yi shawara, amma sai da ya zauna a kujerar ya ji yadda take.

Lubabatu tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ita ke koyar da matan aure a Islamiyyar unguwar, kuma cikin 'ya'yan Malam ita ce ba ta tsoron Shitu. Bayan sun gaisa ta tambayi jikin Malam, sannan ta tambayi Shitu wanda zai ja masa baƙi idan shi ya dawo Kibiya da tafsiri. Ya ce za a samu.

"To wa zai fassara, Yaya?"

Ya ce mata shekara ashirin da biyu yana jin fassarar nan a kunnensa na dama, ko bango ne ya isa ya haddace. Ta ce haka ne, bango ma yana ji. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, can ta ce gobe Alhamis ke nan za su shiga Ɗufana, tana bin karatun a waya. Ta ce shi ya sa ya zo yau.

Shitu ya ce ita ba ta san Hammadu ba. Mutum ya samu aya irin wannan a hannu, da buzu a ƙarƙashinsa, da ɗan mai buzun a gefe, ai ba zai bar ta ta wuce ba.

"Hammadu bai iya habaici ba," in ji ta. "A gidanmu kai ka iya shi."

Ya tashi kafin azahar. A hanya ya gama shirya abin da zai yi. Daga ayar shiga jirgi zuwa ayar sauka lafiya ayoyi takwas ne. Zai ja su a tafiya ɗaya, ko an buga carbi ba zai tsaya ba. Malamin da aka zube wa ayoyi takwas gab da lokacin tashi, dole ya dunƙule su. Ba zai samu sararin zama a kan ɗaya ba. Idan ya rikice, Malam na gani. Idan bai rikice ba, aƙalla ayar ta wuce cikin 'yan uwanta.

Ranar Alhamis an yi zafi sosai, ba kuma wuta, fankoki a tsaye. Duk da haka masallacin ya cika har aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyoyin waje. Aka kawo Malam Ishiyaku aka zaunar da shi a kujerar roba jikin ginshiƙi, kamar kullum. A sahun gaba akwai mutum shida ko bakwai da ke bin karatu da littafi buɗe.

Hammadu ya fara da shekarun da Annabi Nuhu ya yi yana kiran mutanensa, ɗari tara da hamsin, dare da rana, a ɓoye da a bayyane, waɗanda suka bi shi kuma kaɗan ne, yawancinsu talakawan da manyan gari ke ƙyama. Ya ce manyan sun ce a kori waɗannan su kuma su zo, Annabi Nuhu ya ƙi. Da aka zo sassaƙa jirgi sai ya ajiye littafin. Ya ce jama'a su ɗauka yau ne, a bazarar nan da rijiya sai an ƙara wa guga igiya, ka fito ka tarar da dattijo a filin kasuwa yana haɗa jirgin ruwa, ka tambaye shi ina kogin, ya ce yana tafe. Masallaci ya ɗauki dariya. Ya bari ta lafa, sannan ya ce to wannan dariyar da muka yi yanzu, ita suka yi. Ba wanda ya ƙara motsi.

Ya yi bayanin alamar da aka ba Annabi Nuhu, cewa idan ruwa ya ɓuɓɓugo daga tanderu lokaci ya yi. Ya ce malamai sun yi maganganu a kai, amma shi abin da ke tsaya masa shi ne wurin. Tanderun gurasa, inda wuta take, cikin gida. Ya ce mutum yakan zuba ido sama yana jiran hadari, abin kuma ya fito masa daga inda yake dafa abinci.

Shitu ya ji daɗin maganar, ya kuma ji haushin jin daɗin. Saura minti ashirin a tashi. Hammadu ya gyaɗa masa kai.

Ya ɗauko ayar shiga jirgi da sunan Allah. Ya saki muryarsa gaba ɗaya, irin sakin da yakan ajiye sai daren ashirin da bakwai. A ƙarshen ayar carbi ya bugi katako. Shitu ya wuce. Carbin ya sake bugawa, ya ɗan fi ƙarfi. Ya wuce. Hankalinsa duk yana gaba, wajen ayar da yake gudu, yana auna numfashinsa don kada ya yanke a kanta. Ya wuce amsar ɗan da ya ce zai fake a kan dutse, ya wuce umarnin da aka ba ƙasa ta haɗiye ruwanta sama ta ɗauke, ya wuce roƙon uban, ya shiga ayar ya fita ba tare da ya rage sauri ba, ya sauke jirgin lafiya, ya yi shiru. Daga waje wani ya yi kabbara.

A sahun gaba kuwa masu littafi sun ɗago kai suna duban juna. Wani tela ya ɗora yatsa a kan shafi bai ɗauke ba. Shitu ya ɗauka muryar ce ta kama su.

Hammadu ya gyara hula. Ya ce Alaramma ya ɗauko musu jirgin tun daga tashi har sauka don su ji ƙissar a haɗe, Allah ya saka masa, yanzu za a koma baya a bi ta a hankali. Ya buɗe baki zai ci gaba, sai murya ta fito daga jikin ginshiƙi.

"Shitu. Ka bar ɗaya."

Shekara ashirin da biyu ba a taɓa yi masa gyara a wannan darduma ba. Ya koma baya a ransa da sauri, yana bin ayoyin kamar mai laluben aljihu, bai samu gurbin ba. Al'ada ita ce idan mai ja ya yi tuntuɓe, wanda ya sani ya buɗe masa da kalma biyu ko uku, shi ya ƙarasa. Malam Ishiyaku ya fara. Zailani ya taso da makirufo ya durƙusa ya riƙe masa. Harshen ya yi nauyi, wasu haruffan ba sa fita, amma bai tsaya a kalma uku ba. Ya karanta jirgin yana tafiya da su cikin igiyoyin ruwa kamar duwatsu. Ya huta. Ya karanta inda uban ya hango ɗansa a gefe guda, ya kira shi da sunan ɗa, ya ce ya hau tare da su. Abin da Shitu kan karanta a numfashi biyu ya ɗauki tsohon fiye da minti ɗaya. Ba wanda ya taimaka masa.

Sai a lokacin Shitu ya gane. Daga shiga jirgi ya yi tsalle ya faɗa amsar ɗan. A karatunsa, ɗan ya ƙi kiran da ba a yi masa ba.

Ya karɓi ayar ya maimaita ta daidai. Carbi ya bugi katako. Ya tsaya.

Hammadu ya wuce lokacin tashi da minti goma sha biyar, ba wanda ya tashi. Yawancin maganarsa a kan uban ya yi ta. Ya ce mutum ne da ya yi kusan shekara dubu ana ƙin kiransa, ruwa ya riga ya taso, an riga an rufe magana, amma da ya hango ɗansa sai ya sake kira. Ya ce igiyar ruwa ce ta raba su, ba uban ne ya juya baya ba. A kan dutsen ya ce ɗan bai yi wauta ba a lissafin duniya, don ko a Rano aka yi ambaliya duwatsun bayan gari za a nufa. Kuskurensa shi ne ya ɗauka ranar irin sauran ranaku ce, alhali ran nan babu mafaka sai rahamar Allah. Ya ce kowa yana da dutsen da yake ji idan ta ɓaci nan zai hau, kuma shi nasa takardar shaidar da ya samo a Kano ce.

Da aka iso ayar da Shitu ke gudu, Hammadu bai yi minti biyu a kanta ba. Ya ce dangantaka ba ta tsirar da kowa, imani da aiki ke tsirarwa. Ya ce a lura da abin da Annabi Nuhu ya yi da aka ba shi amsar da ba ta yi masa daɗi ba: bai yi jayayya ba, gafara ya nema. Ya faɗi wannan idonsa na kan littafi. Ko sau ɗaya bai dubi hagu ba. Shitu ya ga ƙoƙarin da yake yi na kada ya duba, ya kuma san duk masallacin sun gani.

Ana saura rabin awa a sha ruwa Shitu ya tarar da Malam a zaure shi kaɗai, an ajiye masa dabino da kofin kunu a rufe. Ya durƙusa. Bai ba da haƙuri ba, Malam ma bai nema ba. Shitu ya tambayi abin da ya rasa wanda Hammadu ke da shi.

Malam ya daɗe kafin ya haɗa maganar. Ya ce a duk ƙasar Rano bai san mai haddar Shitu ba. Amma shekara ashirin da biyu suna zama taku biyu da juna, bai taɓa tambayar sa ma'anar aya ɗaya ba. Hammadu kuwa tun yana zuwa a keke ya hana shi barcin rana da tambaya.

"Ni ne ɗanka, Malam."

"Shi ya sa na kira ka. Da wani ne, da na bar Hammadu ya rufa masa asiri."

Ya ce maganar gwaji ma kuskurensa ne. Tun bara ya san buzun na Hammadu ne. Ya kira shi gwaji ne don ya sassauta wa Shitu, ga shi bai sassauta komai ba. Ya ce shekara uku yana jin jikinsa na gaya masa ya sauka, yana ƙi, yana jira ko Shitu zai shigo da littafi wata rana ya ce Malam, nan fa? Ya ce Ja'afaru ya kira shi a waya yana neman izini, ya gaya masa ba shi ke riƙe da Shitu ba. Daga nan Zailani ya kira salla. Malam ya miƙa masa dabino ɗaya da hannunsa mai lafiya.

Ranar Juma'a da safe Shitu ya shiga ɗakin littattafan Malam, ya ciro mujalladin da ke da surar Hudu. Idan zai buɗe tafsiri a Kibiya gobe, yana buƙatar sa. Ya buɗe wurin ayar da ya tsallake. Gefen shafin cike yake da rubutu iri biyu: na Malam da tawadar gargajiya, da wani ƙarami da biro shuɗi, wanda ya san na Hammadu ne. Ya buɗe gaba, ya buɗe baya. Shuɗin yana ko'ina. Ya karanta ayar sau uku a hankali, abin da bai taɓa yi mata ba, sai wata kalma ta tsaya masa. Ya ɗauki littafin ya kai zaure, ya tambayi Malam me ya sa aka ce ɗan yana gefe guda, gefen me.

Malam ya dube shi, ya dubi littafin. Ya ce harshensa ba zai kai ba yanzu, ya je ya tambayi Hammadu.

Shitu ya mayar da littafin inda ya ɗauko shi. Bayan an sauko Juma'a ya kira Alhaji Ja'afaru ya ce masa ba bana ba. Alhaji ya tambaya ko baɗi. Ya ce a bar kujerar a ledarta tukuna.

Da la'asar ya shigo ya tarar an shimfiɗa buzun amma Hammadu na zaune a kan tabarma kusa da shi. Da ya ga Shitu sai ya miƙe, ya ce a hankali idan Yaya Alaramma yana so, ko na yau ne, shi sai ya zauna a ƙasa. Mutanen sahun gaba suna ji.

"Zauna a wurinka," in ji Shitu. "Kana ɓata wa mutane lokaci."

Ya hau dardumarsa. Wayoyin gaban buzun goma sha biyar ne yau. Ya ja ƙissar Adawa, mutanen Annabi Hudu, aya bayan aya, duk inda carbi ya buga ya tsaya. Sau biyu Hammadu ya faɗi ma'anar aya daga wata sura, sau biyun kafin ya waiwayo an ɗauko masa. Zailani ya ce daga baya shi dai bai san ko sulhu aka yi ba ko sabon salon faɗa ne.

Da aka watse, a wurin saka takalma, Shitu ya tsayar da Hammadu. Ya ce wani ne ya tambaye shi a Kibiya, game da ɗan Annabi Nuhu, me ake nufi da yana gefe guda. Hammadu bai tambayi ko wane ne ba. Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa ya kawo maganganun malamai uku, ya faɗi wadda ya fi karkata gare ta. Ya ce a fahimtarsa, a wannan lokacin ɗan ba ya tsaye cikin masu dariya, ba ya kuma cikin jirgi. Ya ɗauka akwai wuri na uku.

Shitu ya ce zai gaya wa mutumin. Daga masallaci zuwa gida tafiyar minti bakwai ce. Ya yi ta yana juya amsar, yana neman inda ta yi rauni. Har ya shiga zaure bai samu ba.